Yadda Zumuntar Mata Za Ta Haɗa Kuɗi Ta Saro Kayan Abinci a Wannan Tsadar

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin cefane ya daina kai mace ƙarshen mako. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000 a wurare da yawa, duk abin da mota ke ɗaukowa kuma ya bi bayanta. A ƙananan garuruwa irin namu abin ya shigo har cikin majami'a: baiko ya ragu, masu tsayawa a ƙofar gidan Fasto bayan sujada sun ƙaru. Mai sayen mudu ɗaya-ɗaya ita ce ta fi kowa shan tsada, domin ribar ɗan sari da ta mai awo da kuɗin motar kowannensu duk a kanta suke sauka.

Dabarar da muke yi a Zumuntarmu, wato ƙungiyar matan ikilisiyarmu, ba sabuwa ba ce. Mata su haɗa kuɗi, a tura mutum biyu ko uku babbar kasuwa su sayo da buhu, a dawo a raba a farashin da aka sayo. Na daɗe ina riƙe littafin wannan aiki, kuma abin da zan gaya miki, 'yar'uwa, shi ne sayen ba shi ne wahalar ba. Lissafi da awo su ne ke raba kan ikilisiya, don haka a nan zan fi tsayawa.

Kayan da za a tanada

Babban littafi mai bango mai kauri, wanda ba a taɓa rubuta komai a cikinsa ba, da biro biyu. Littafin rasit mai kwafi. Mudu ɗaya ko tiya ɗaya na Zumunta, a yi masa alama da fenti don kada a musanya shi. Kwalba ɗaya ta awon mai da mazurari. Tamfol ko manyan tabarmi na shanya da rabo, faifai da rariya, basilla da zaren ɗinkin buhu. Katako ko bulo da za a ɗora buhuna a kai. Ɗaki mai rufin da ba ya yoyo, da kwado biyu masu makulli daban-daban. Idan za a ajiye wake ko masara na watanni, sai a nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In babu shi, jarkoki masu murfi mai kyau za su yi.

Sikeli yana da amfani in akwai, amma ba dole ba ne. Yawancin matanmu da mudu suka san abinci, kilo ba ya gaya musu komai.

Mataki na 1: A fara da dattawa

Kafin ki buɗe baki a taron mata, Mama Shugaba ta kai maganar gaban Baba Fasto da dattawan ikilisiya. Ko a ɗarikar ECWA kike, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, tsarin ɗaya ne: abin da aka yi da sunan Zumunta, ikilisiya ce za ta amsa tambaya idan ya lalace. Ku nemi abu biyu kawai, izini da ɗakin ajiya. Kada ku nemi rance daga baiko ko zakka. Ranar da kuɗin majami'a ya gauraya da kuɗin masara, ba wanda zai iya warware su, kuma wadda ba ta sa ko sisi ba za ta ce ita ma tana da rabo tunda da baikonta a ciki.

Ina kuma ba da shawara kada Fasto ko matarsa su riƙe kuɗi ko mudu. Ba rashin amana ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni cewa suka yi a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Idan rikici ya taso, ana bukatar wanda hannunsa bai taɓa buhun ba ya sasanta.

Mataki na 2: Zaɓen masu aiki

Mutum biyar sun isa: mai karɓar kuɗi, mai rubutu, masu zuwa kasuwa biyu, da mai riƙe makulli na biyu. Mai karɓa da mai rubutu kada su fito daga gida ɗaya. Cikin masu zuwa kasuwa lallai a sami wadda ta taɓa sana'ar awo ko ta tashi a gidan noma, ko da ba ta yi boko ba. Iya Turanci ba ya gane wake mai ƙwari. A roƙi Zumuntar Maza ko Matasa su ba da namiji ɗaya mai ƙarfi ya yi rakiya.

Mataki na 3: Me za a saya

A zagayen farko kada ku wuce kaya uku ko huɗu, kuma duk su zama masu jure ajiya. Masara ko dawa, gwargwadon tuwon garinku. Wake. Shinkafa 'yar gida. Manja ko man gyaɗa. Idan aiki ya zauna, sai a ƙara gishiri, waken suya na awara da kunun yara, busasshiyar kuɓewa, kuka, barkono, busasshen tumatir.

Ɗanyen tumatir da tattasai da nama ku bar su tukuna. Kwandon tumatir yana da araha a baki, amma kafin a iso gida na ƙasa ya matse, kuma ba macen da za ta yarda a ba ta shi a matsayin rabonta. Doya ma haka, ba ta da girma ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin an raba ƙwaryar doya an tashi kowa na murna ba.

Lokaci ya fi iya ciniki muhimmanci. Hatsi yana sauka da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina kafin sabo ya fito. Matsalar ita ce kakar tana haɗuwa da godiyar kaka da ɗinkin Kirsimeti, ga kuɗin makaranta na Janairu yana jira. Saboda haka a fara zubi tun Agusta ko Satumba, kaɗan-kaɗan.

Amma ku sayi abin da za a ci, ba abin da za a ɓoye don riba ba. A 2025 farashin masara sauka ya yi maimakon hawa, masu ɓoyon hatsi da yawa suka ji a jikinsu. Zumunta ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan asara.

Mataki na 4: Zubi

A yi shi da hannu kamar na adashe. A yanke kuɗin hannu ɗaya, mai ƙarfi ta ɗauki biyu, marar ƙarfi ta ɗauki rabi, ko mata biyu su haɗu a hannu ɗaya. A sa iyaka, kada mutum ɗaya ta wuce hannu uku, in ba haka ba mai shago za ta shigo ta yi sarinta da motarku.

Ana karɓar kuɗi a wuri ɗaya, rana ɗaya, bayan taron mata na mako, a gaban mai rubutu. Kowace ta karɓi rasit. Wadda ta tare ki a bakin rijiya ko a hanyar gona ta miƙo kuɗi, ki ce mata, "Mama, ki riƙe sai ranar taro." Za ta ji haushi na ɗan lokaci, amma ya fi a zo ranar rabo tana cewa ta ba ki, ke kuma kin manta. Mai tiransifa ta nuna shaidar a waya, a jira kuɗin ya shiga kafin a rubuta.

Ba bashi. Wannan ita ce doka mafi wuya a cikin majami'a, domin mai cewa "a sa mini zan kawo ranar Lahadi" wataƙila ita ta riƙe ki ranar aurenki. Ku karanta dokar a gaban kowa tun ranar farko, har da matan dattawa, don mai karɓa ta sami abin fakewa. Wadda da gaske ba ta da kuɗin, akwai hanyarta a mataki na 7.

Kuɗin da aka tara kada ya kwana a gidan kowa fiye da dare ɗaya. In Zumunta tana da asusun banki mai sa hannun mutum biyu, nan ne wurinsa. In garinku babu banki, a rage tazarar da ke tsakanin rufe zubi da ranar kasuwa.

Mataki na 5: Ranar kasuwa

Mako guda kafin tafiya, a tura mutum ɗaya ta je hannu wofi ta ji farashi, ko a kira wanda aka yarda da shi a can. Kowane yanki da kasuwarsa: masara a Saminaka ko Mangu, dankalin Turawa a Bokkos, Dawanau a Kano ga masu sayen kaya da yawa. Sai dai babbar kasuwa mai nisa ba kullum take da riba ba. Idan buhu biyar ko shida kawai za ku saya, kuɗin mota zai cinye ragin. Sau da yawa kasuwar ƙauye ta mako-mako da ke kusa ta fi, kuma mafi sauƙi duka shi ne manomin da ke zaune a benci ɗaya da ku ranar Lahadi. Ku fara tambaya a gida. A biya shi farashin kasuwa na ranar, kuɗi hannu, kada a ce don ɗan'uwa ne a danne shi.

Kada a yi sanarwar ranar tafiya ko yawan kuɗin a kan bagade. Kwamiti kaɗai ya sani. A fita da sassafe, a dawo da rana tsaka, kada dare ya same ku a hanya da kaya. A raba tsabar kuɗin a jikin mutum biyu, sauran a bar shi a asusu, tunda yawancin 'yan sari yanzu suna karɓar tiransifa. Ku tuna mai POS yana da cajinsa, a rubuta shi cikin kashe-kashe. In kasuwar ta Juma'a ce, ku gama ciniki kafin lokacin masallaci, domin rumfuna da yawa za su rufe.

A kasuwa, kada ki saya a rumfar farko. Ki zagaya uku ko huɗu. Dillali zai biyo ki, ba laifi, amma ki tambaye shi tun farko la'adarsa nawa ce kuma wa zai biya. Idan kin taya aka ce "albarka", ki ƙara kaɗan ko ki yi gaba. Ambaton cewa buhu da yawa za ki ɗauka ki bar shi sai an kusa sallamawa, a lokacin ne yake jawo ragi.

Duba kaya kuwa sai da natsuwa. Saman buhu kullum kyakkyawa ne. Ki sa a soka ƙarfen ɗiban samfur a tsakiya da gindi, ko a zazzage buhu ɗaya da ke kika zaɓa, ba wanda aka nuna miki ba. Ki ɗauki ƙwayar masara ki ciza: busasshiya tana fashewa da ƙara, mai danshi tana lotsawa. Ki tura hannu cikin buhun, in kin ji ɗumi, hatsin bai bushe ba. Ki shinshina. Warin ruma, ko ƙwayoyi masu baƙi-baƙi da kore-kore, ki bar su komai arahar su, domin rumar masara da gyaɗa tana da guba mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A wake ki nemi ƙananan huda da gari-gari a tafin hannu. In kuma wake ya yi tsaf amma yana warin magani, shi ma ki bar shi. Akwai masu zuba maganin feshi na Sniper a wake don kashe ƙwari, abin da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kai. Shinkafa 'yar gida ki baza ta a faifai ki ga yawan tsakuwa da karyayya. Manja ki ɗanɗana, ki shafa a bayan hannu; wanda ja ɗinsa ya yi yawa har ya kama fata kamar lalle, ana iya samun an sa masa rini.

Buhun da aka ce cikakke ne, ki sa a auna ko ɗaya da mudunku. Inda ake awo da tiya, babban buhu kan ɗauki tiya 40, amma akwai buhunan da aka rage aka sake ɗinkewa. Mudu kuwa kowane gari da girman nasa, shi ya sa ake tafiya da na gida.

Mai rubutu ko wadda ta wakilce ta ta rubuta kowane kashi nan take: dako, ɗinki, haraji na kasuwa, lodi, mota, abin da aka bayar a hanya, har ruwan leda da abincin masu tafiya. A yi cinikin mota kafin a ɗora kaya. In an riga an loda, direba ne ke da baki.

Mataki na 6: Lissafi kafin a taɓa mudu

Kaya sun iso, a kulle su, kowa ya je ya huta. Washegari kwamiti ya zauna ya auna kowane buhu da mudun Zumunta, a rubuta abin da aka samu na gaskiya, ba abin da aka ce a kasuwa ba. Kusan kullum akwai giɓi, ga dusa da tsakuwa.

Ga yadda ake fitar da farashi, da lambobin misali kawai. A ce an sayi buhu naira 40,000, kashe-kashen da suka faɗa kansa 4,000, ya zama 44,000. Aka auna aka sami tiya 39. Aka cire tiya 1 ta gwauraye, saura 38. A raba 44,000 gida 38, tiya ta kama kusan 1,160. Wannan lambar ce za a kwatanta da farashin mai awo na cikin gari a wannan makon. In bambancin bai taka kara ya karya ba, ku faɗa wa mata gaskiya, zagaye na gaba a canza kasuwa ko a canza kayan. Jarkar manja mai lita 25 tana ba da kwalba 33 ta santilita 75 a lissafi, amma ki ƙirga 32, saura yana maƙalewa a jarka da mazurari. Da sanyin hunturu manja yana daskarewa, a ajiye jarkar a rana tukuna.

Mataki na 7: Rabon gwauraye da marayu

Wannan tiya ɗaya da ake cirewa a kowane buhu, a amince da ita tun kafin zubi, kowa ya ji da kunnensa. Jerin waɗanda za a ba kuwa mutum uku kawai su san shi: Mama Shugaba, dattijo ɗaya, da mai rubutu. Ba gwauraye kaɗai ba, akwai gidan da mai gida yake kwance, akwai waɗanda rikici ya koro daga ƙauyensu suna zaune a ɗakin aro, akwai malamin makaranta da albashinsa bai fito ba wanda ba zai taɓa buɗe baki ya roƙa ba.

A kai musu gida da yamma, a cikin buhun da ba ya nuna abin da ke ciki. Kada a kira sunansu a sujada, kada a tsayar da su a gaba a ɗauki hoto a sa a Facebook. Na ga ana yin haka a wasu wurare, kuma ban ga abin da yake ƙara wa tuwon ba. Ikilisiya ta ji adadin mudu da adadin gidaje, ya isa.

Mataki na 8: Ranar rabo

Asabar da safe ta fi, a harabar majami'a, a fili. Ba ranar Lahadi ba, kada sujada ta koma kasuwa. A buɗe da addu'a gajeriya, sannan mai rubutu ta karanta lissafin duka da babbar murya, daga abin da aka tara har kuɗin ruwan leda. Kowace ta zo da buhunta da galan ɗinta.

Mutum ɗaya ce za ta yi awo daga farko har ƙarshe, da mudu ɗaya. A yanke tun farko: shafe ne ko mai tozo. Ni shafe nake so, a bi bakin mudun da katako miƙaƙƙe, domin tozo ba ya zama ɗaya sau biyu, kuma tare hatsi da hannu a bakin mudu, irin na masu awo, nan ne son kai ke shiga. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mata talatin suna kallon hannun nan. Gyara babu, ko ga matar Fasto. A bi sunaye yadda suke a littafi, 'yan kwamiti su karɓa a ƙarshe. Kowace ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Wadda ta aiko yaro, a rubuta sunan yaron.

Abin da ya rage a kan tamfol a share a auna, a ƙara a rabon gwauraye. Buhunan wofi da jarkoki ma kuɗi ne, a sayar a rubuta, ko a ajiye don zagaye na gaba.

Mataki na 9: Idan za a ajiye

Wasu matan ba su da wurin ajiya, wasu kuma sun san in hatsin ya shiga gida ba zai ga Ista ba, sai su roƙi a riƙe musu. In za ku yi haka, a sake shanya hatsin kwana biyu ko uku a kan tamfol. Gwajin bushewa mai sauƙi: a zuba ƙwayoyi da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. A bar hatsi ya huce a inuwa kafin a ɗura.

A buhun PICS, a duba ledojin ba huda, a matse iska a ɗaure ta ciki, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, ba a sa magani. A jarka, a cika ta har wuya, a sa leda a bakin a murɗa murfi sosai. Jarka rabi ba ta aiki. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Ƙwayar maganin hayaƙi da ake jefawa a rumbu ku bar wa waɗanda suka koyi aiki da ita, tana kashe mutum, balle a ɗakin da 'yan Makarantar Lahadi ke wasa a bayansa. Buhuna su hau katako, su bar jikin bango, a toshe ramukan ɓera. Makulli ɗaya a hannun mai riƙe da shi, ɗaya a hannun dattijo, ba a buɗewa sai su biyun suna nan, kuma a ranar da aka sa, sau ɗaya a wata.

Mataki na 10: Rahoto da zagaye na gaba

A taron mata na farko bayan rabo, a sake karanta lissafi, a ba dattawa kwafi. In canji ya rage, a tambayi mata: a mayar ko a bar shi jarin gaba? Abin da suka ce a rubuta. A saurari ƙorafi a nan cikin taro, har na wadda ta ce wakenta ya fi na kowa tsakuwa.

Maƙwabta za su ji labari, Kirista na wata ɗarika da Musulmi duka, za su ce a sa da su. In an yi zagaye biyu lafiya, a buɗe musu, domin yawan buhu yana rage kuɗin mota a kan kowa. Sharaɗin dai shi ne wanda kowa ya bi: kuɗi hannu, rasit, mudu ɗaya. A kuma canza masu zuwa kasuwa duk shekara, ana haɗa tsohuwar hannu ɗaya da sabuwa ɗaya, don in wata ta yi tafiya ko ta haihu, a sami wadda ta san rumfunan.